Katin Tafintata

A kasuwancinmu ba a tambayar mutum takarda. Na fara da tallar ɗankunne da sarƙa gida-gida a Kano, na koma dillancin atamfa, daga baya na samu rumfa a Kwari, kuma duk tsawon wannan hanya ban taɓa cewa wani ya nuna mini shaidar makaranta ba. Wata ce za ta ce miki wance tana da amana, ki gwada ta da ƙaramin kaya, in ta cika ki ƙara mata. Wannan ɗabi'a muka ɗauka muka kai Guangzhou ta ƙasar Sin.

Tafintata ma haka na same ta. Wata Hajiya 'yar Maraɗi, wadda ta girme ni a shekaru kuma ta riga ni sanin garin, ita ta haɗa mu a ƙofar Baima, babban benen da ake sarin tufafi. Ta ce, "Ga yarinyarmu. Ba ta cin kan kaya, ba ta kuma gajiya." Shi ke nan.

Doguwa ce siririya, gashinta har kafaɗa, muryarta ƙasa-ƙasa. Da Turancin kasuwa muke magana, sai 'yar Hausar da ta tsinta a bakin mata. In mai shago ya ce "meyo", wato babu, sai ta juyo ta ce mini, "Hajiya, ƙarya ne, akwai," da Hausa, a gabansa, fuskarta ba ko murmushi. Ta san shagon da yake da masana'antarsa da wanda dillali ne kawai. In azahar ta yi ta san lungun matattakalar da ba a wucewa, ta shimfiɗa mana kwali, ta tsaya riƙe da jakunkunanmu har mu idar. Mazajenmu a gida hankalinsu kwance yake, tunda mace ce ke yawo da mu. A gabanta muke cire mayafi, mu gwada riga. In mun je masana'anta a wajen gari, ɗaki ɗaya muke kwana, kuma kullum ita ke shirya mana ɗakin baƙi na masana'antar maimakon otal. Na ɗauka tattali ne, har ina yaba mata.

Shekarar wasannin Olamfik garin ya canza mana. Wasannin can arewa ake yi, nesa da mu, amma tsaurin ya iso har Sanyuanli, unguwar da muke sauka. 'Yan sanda suna bin gidaje suna duba fasfo, kuma dole kowane baƙo ya riƙe takardar da ke nuna inda yake kwana, wadda ake yi a caji ofis tare da mai gida. Ni a lokacin ɗaki nake haya a hannun wani wanda shi ma haya yake yi. Da na ce ya raka ni, sai ya kaɗa hannu ya ce meyo. Otal-otal ɗin da ke karɓar baƙi irinmu sun cika. Ga kayan sallah da na ba da ɗinki suna kan keke, ba su kai rabi ba. In aka kama ni babu takardar nan, bizar ce za ta tafi, kuma wanda aka taɓa kora da wuya ya sake shigowa. Shekarun da na yi ina gina hanyar nan su ne za su tafi a banza.

Na faɗa wa tafintata muna cikin tasi. Muka wuce gada biyu ko uku. Sannan ta ce, "Ki kwaso kayanki ki dawo wurina. Sunana ne a kan takardar haya. Ni zan tsaya miki."

Na ce, "To me ya sa kika ɓata rai kamar an ce ki ba ni ƙoda?"

Ta ce, "Zafi ne, Hajiya."

Da safe muka je. Zauren cike yake da baƙaƙen fata, 'yan Najeriya da 'yan Mali da 'yan Nijar, kowa da mai gidansa ko wanda ya roƙa. Da layi ya zo kanmu na miƙa fasfo, ita ta miƙa katinta na ɗan ƙasa a kife. Ma'aikacin ya juya shi, ya duba, ya ɗago ya dube ta, ya sake duba katin. Ya yi mata tambaya, ta amsa a hankali. Bai ji ba, ko bai gamsu ba, ya sake tambaya da ƙarfi. Ya kira wata ma'aikaciya, su biyu suka tsaya suna kallon katin suna kallonta. Ba zan ce wulaƙanci suka yi niyya ba. Aikinsu shi ne su tabbatar mai katin ne a gabansu, kuma abin da ke rubuce bai yi kama da wanda ke tsaye ba. Ta ciro wata takarda daga jaka ta ƙara musu, aka shiga da ita ciki, aka daɗe. Ni ina tsaye ban san me ake ciki ba, ina ta zargin fasfona.

A bayana akwai wani Alhaji ɗan Yamai mai sarin wayoyi, wanda ya daɗe a garin har yana jin yarensu. Ya matso ya ce, "Hajiya, kin san da wa kike yawo kuwa? Katin nan namiji aka rubuta."

Na ce, "Alhaji, layinka ya matsa."

Abin da ya zo bakina ke nan.

Ta fito da takardata a hannu, an buga mata hatimi. Ta miƙo mini ba ta kalle ni ba. Ta ga Alhajin, ta kuma san yana jin yare. Muka fita muka shiga shagon taliyar Musulmi da ke kusa, aka kawo mana kwano biyu, ba wadda ta taɓa.

Ni ba na iya kewaye-kewaye. Na ce, "Abin da ya faɗa gaskiya ne?"

Ta ce gaskiya ne abin da ke kan katin. Da aka haife ta namiji aka rubuta, amma tun tana ƙarama ta san kanta mace, kuma tun da ta bar garinsu a mace take rayuwa. Na tambaye ta me ya hana a gyara katin. Ta lissafo mini: sai an yi mata aiki a asibiti an gama, asibiti kuma ba ya yi sai iyaye sun sa hannu, ko da mutum ya yi furfura. Bayan nan sai ta koma can garinsu inda aka yi mata rajista, gaban mutanen da suka san ta tun tana goye. Mahaifinta ya ce ba da hannunsa ba. Ko an gyara katin ma, takardar makarantarta tana nan da tsohon bayani. Ta yi karatun harshe mai kyau, amma duk kamfanin da ta je, da an kai ga takardu sai a ce za a kira ta. Otal ma sai da kati, shi ya sa take kai mu ɗakin masana'anta.

Ta ce, "Ku kaɗai ne ba ku taɓa tambayata takarda ba."

Na ce, "Kin san haka za ta faru yau?"

Ta ce, "Kullum haka take faruwa. Ban dai san zauren zai cika da mutanenku ba. Ko da na sani, ina za ki kwana?"

Ba zan ɓoye ba, abin ya tsaya mini a rai. Na tuna ɗakunan da muka kwana, da rigunan da na gwada a gabanta. Na kuma tuna cewa duk lokacin da muke canza kaya, takan sami abin dubawa a wayarta ta juya baya, ni kuwa ina tsokanarta da kunyar ƙauye. Na faɗa mata da ta gaya mini tun farko, da na fi so. Ta ce da ta gaya mini, da ban ɗauke ta ba. Na yi tunani, na ce mata wannan ma gaskiya ne. Sannan na ce ta ci taliyarta kafin ta kumbura.

A gidanta na kwana. Ta bar mini gado da ɗakin gaba ɗaya, ita ta koma falo.

Magana ba ta kwana a Sanyuanli. Kafin la'asar ɗin washegari Hajiyar Maraɗi ta aiko in zo. Na tarar da mata sun cika ɗakinta, ana cin dambu.

Hajiyar ta ce, "Ƙanwata, ashe ɗan daudu muka ɗora wa amanarmu?"

Na ce, "Yaya, ke kika ba ni ita."

Wata 'yar Kano ta ce, "Ni in maigidana ya ji, na gama zuwa Sin. Kin san haka."

Na san haka, kuma ban raina tsoronta ba. Matar da aka bari ta hau jirgi da sharaɗi, ba ta wasa da sharaɗin. Na ce musu ba zan ce wa kowa ta ɗauke ta ba. Hukuncin abin a wurin Allah kuma na malamai ne, ni a Kwari na yi karatuna. Amma zan faɗi abin da na gani da idona: ta san katin nan zai tona mata asiri, ta san abincinta a bakinmu yake, ta kuma miƙa shi don kada a kore ni. A cikin ɗakin nan wa ta ce mini zo ki kwana wurina?

Hajiyar Maraɗi ta ce, "Mu ai baƙi ne kamar ke."

Na ce, "Haka ne. Ita ce 'yar gida, kuma ta tsaya."

Ta ce, "To kin ji, ni na janye hannuna." Tunda ita ce ta kawo ta cikinmu, janye hannunta ya isa. A ranar tafintata ta rasa kusan duk matan da take yi wa aiki.

Da safe na ce ta shirya mu je Baima. Ta ce ko in bari ta riƙa yi mini aikin ta waya, don kada a haɗa da ni. Na ce ban taɓa sayen yadi ta waya ba. Muka bi hawan benen da matanmu suka fi saye, shago-shago, tana gaba ina baya kamar kullum. Wasu suka kau da kai. Wata ta gaishe ni ta tsallake ta. Tafintata ta ci gaba da murza bakin yadi tana faɗa da masu shago, sai dai ranar ba ta yi Hausa ko kalma ɗaya ba.

Aikina ni kaɗai ba zai riƙe ta ba, na san wannan. Sai na karɓe duba kaya da kai su kargo a unguwar Baiyun daga hannun wani da dama yake ɓata mini lokaci, na ba ta. Na haɗa ta da ƙanena mai sarin takalma, na kuma gaya masa komai tun kafin ya ji a waje. Ya ce shi takalmansa ba su san mace ko namiji ba, ta dai duba masa ɗinki. Na yi wa maigidana bayani da bakina da na koma gida. Ya ce in daina haɗa ɗaki da ita, na ce dama mun daina. Kayan sallata suka iso a kan kari.

Yanzu nakan ji ana muhawara a ƙasashe kan yadda za a sauƙaƙa wa irinta gyaran takarda. Ban san dokokinsu ba. Abin da na sani daga kargo shi ne, in takarda ta ce takalmi alhali riga ce a kwali, kayan tsayawa suke yi ko da ba su da aibi, kuma takardar ake gyarawa. Na ga mace mai ilimi da amana tana gudun otal da ofis da banki saboda kalma ɗaya a kati, kuma hanyar gyara kalmar sai ta bi ta hannun uban da ya rantse ba zai sa hannu ba. Ko a ciniki, sharaɗin da aka san mutum ba zai iya cikawa ba, ƙin sayarwa ne.

Bayan wasannin sun wuce, gari ya ɗan lafa, wata masana'anta ta yi wa Hajiyar Maraɗi ɗinkin leshi da launin da ba shi ta zaɓa ba. Sabon tafintan da ta ɗauka ya je ya dawo ya ce sun ce meyo. Ta same ni a masaukina, muka gaisa, ta tambayi yara, ta tambayi kasuwa, ta yaba mayafina. Sannan ta ce, "Ko za ki ce wa yarinyar taki ta leƙa mini masana'antar nan? Ba sai ta san nawa ba ne."

Na ce, "Yaya, ni ba tafinta ba ce. Lambarta tana wayarki."

Ta ce, "Kin cika taurin kai, Bakanuwa."

Na ce, "Kira ta. In ta ƙi, ta yi daidai."

Ta juya wayar a hannu ta daɗe, sannan ta kira, a gabana. Ban ji abin da aka ce a ɗaya ɓangaren ba. Na dai ji Hajiya ta ce, "Eh, ni ce. Lafiya lau. Gobe da safe? To, a ƙofar Baima." Ta kashe, ta ce mini wai tafintata ta ce ta zo da samfurin da ta zaɓa tun farko, kada ta manta shi kamar wancan karon.