Gayyar da ba tuwo

Shekarar da nake neman aure, duk saurayin da aka gani da kwamfuta a Malanville ɗan damfara ne sai an tabbatar da akasin haka. Ni kuwa ina da rumfar gyaran salula kusa da kasuwa, kuma in ba ciniki kwamfutar ce a gabana. Yarinyar da nake nema ta gaya mini cewa gidansu za su aiko a binciki sana'ata. In rahoton ya ɓaci, maganar ta mutu.

Saboda haka da wani dattijo ya sauka daga babur, ƙafafunsa da taɓon fadamar shinkafa, ya miƙo mini salula wai ba ta jin magana, sai na sha jinin jikina. Salular nan lafiyarta lau. Na ce ya zauna, ya zauna inda zai riƙa leƙen allona. Kawun yarinyar ne na garin Madekali, goshinsu iri ɗaya.

Abin da nake yi a lokacin ba wani abin kirki ba ne a ido. Akwai wani laburare na yaren kwamfuta, wato tarin kayan aiki da masu rubuta manhaja ke ɗauka kyauta, wanda da shi na koyi aikin. Bayanin yadda ake amfani da shi cike yake da kurakuran rubutu: nan harafi ya faɗi, can kalma ta maimaitu. Ni kuma ba na iya ganin irin wannan in wuce, cizona yake kamar tsakuwa a shinkafa. Sai in gyara in aika wa masu kula da laburaren, su duba su karɓa.

"Mi kaka rubuta ma Turawa?" in ji shi.

Na yi masa bayani.

"Wa ka biyan ka?"

"Ba kowa, Kawu."

Ya dube ni yadda ɗan duwan, wato jami'in kwastan, ke duban buhun da aka ce masa ƙaiƙayi ne. Raina ya ɓaci, amma na danne. Na ce masa ai kamar gayya ce, kowa ya kawo fartanyarsa a yi aikin tare.

Ashe na taɓo inda ya fi ni sani. Ya gyara zama.

"To madalla. Wa ad da gonar? Ina tuwon gayya? In taka gonar ta yi haki, suna zakkuwa?"

Ana cikin haka saƙo ya shigo, an karɓi gyarana. Na juya masa allon da alfahari. Kalmar godiya ce guda ɗaya, da hoton babban yatsa.

"Bai gaishe ka ba, bai tambayi mutanen gida ba," in ji Kawu. "Wanga ko ya san sunan ubanka?"

Ya karɓi salularsa ya tafi, ya bar ni da zargin da ban taɓa yi ba. Na san manyan kamfanoni suna cin moriyar laburaren nan. Ranar na kasa taɓa ko harafi ɗaya, ina ta tunanin wa ke kai amfanin gonar rumbunsa.

Rahoton ya iso mini ta bakin yarinyar, tana dariya har da hawaye. Wai Kawu ya ce wa mahaifinta: "Yaron ba ɓarawo ba na. Wawa na, gonar mutane shika nome wa ba ko hura."

Mahaifin ya ce ɓarawo ba a zama da shi, amma wawa mace mai hankali tana iya riƙe shi. Aka sa rana.

Na yi murna, ba zan ɓoye ba. Amma har yau yana mini ciwo cewa a matsayin wawa aka ba ni matata.