Badaru Bayan-Zana

A Kurfi aka haifi Malam Badaru, a gidan liman, kuma tun yana goye ake ce masa limamin gobe. Ya ɗauki maganar da gaske, har tafiyarsa ta liman ce. Da Turawa suka zauna da gindinsu suka nemi masu iya rubutu, sai Baturen likita na Katsina ya ɗauke shi, ya tura shi Dutsin-Ma ya binciko masa cututtukan da ke damun mata masu zaman kansu, don a san inda za a kai allurar tunjere.

Tirƙashi! Ɗan liman a gidan karuwai? In labari ya kai Kurfi, ai limanci ya tafi, ga ƙanensa Sada yana jira da carbi a hannu. Sai Malam ya yi dabara irin ta masu ilimi. Ba zai taɓa shiga ba. Zai tsaya a waje, ranar kasuwa, da rana tsaka, duniya ta shaida. Ya kan yi sallama ta bayan zana, Magajiya Turai, shugabar matan gidan, ta amsa, ya ce a matso masa da masu ciwo jikin zana ɗaya bayan ɗaya.

Akwai wata Rekiya, mutuniyar Barkiya, wadda muryarta ke ƙara dusashewa kowane mako.

"Baiwar Allah, yaya jiki?"

"Da sauƙi, Malam."

To, wace 'yar mutunci ce za ta ce wa baƙon namiji, a gaban 'yan kasuwa, ga inda gyambo ya ci? Ko kan gargara mutum yake, da sauƙi zai ce. Badaru ya san wannan sarai, gidansu ma haka ake yi. Amma ya rubuta wa Bature cewa matan Dutsin-Ma kullum sauƙi suke samu. Bature ya ji daɗi, ya aika allura wani gari, ya ba Badaru keke, ya kuma riƙa yawo da Malam ɗin don ya koya wa sababbin ma'aikata yadda ake bincike. Kai, abin haushi, har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci.

Ashe mutanen Kurfi masu zuwa cin kasuwa suna kallo. Da liman ya rasu, dattawa suka zauna, wani tsoho ya ce, "Masu shiga dai suna jin kunya, sukan sunkuyar da kai. Wannan ko shekara da shekaru yana ƙofa yana magiya, su kansu matan sun ƙi buɗe masa." Aka naɗa wa Sada rawani.

Ran kasuwa ta gaba Badaru ya jingine keke, ya ture zanar ya faɗa ciki, tunda babu sauran abin da zai kare. Ya ga mata a kwance a inuwar rumfa, ya ji warin da zana ta daɗe tana tare masa. Ya tambayi ina mai dusasshiyar muryar nan.

Magajiya Turai ta dube shi sama da ƙasa, ta nuna masa wata tabarma a naɗe jikin bango.

"Ka makara, Malam. Da hantsi aka kai ta. Sai ka faɗa wa Baturenka ta ji sauƙi."