Tabarau Daga Kano

Ranar Asabar ta farko a dogon hutun damina, shekarar da na faɗi jarrabawar aji huɗu, Baba ya turo jan babur ɗinsa daga zaure bayan sallar asuba, ya ɗora ni a baya, ya sa Inna ta ɗaure ni a jikinsa da tsohon zanenta kamar goyo. Shekarata tara. Maƙwabtanmu a Ƙofar Dumi suka fito kallo, don ba su taɓa jin wanda ya ɗauki yarinya a babur daga Bauchi har Kano ba. Inna tana ƙulla zanen tana cewa, "Malam, in barci ya sace ta fa?" Ya ce, "Ai shi ya sa kike ɗaure ta."

Idona ne ya jawo tafiyar. A gida an san ni da shashanci: in aka ba ni tsintar shinkafa sai an tauna tsakuwa, in aka aike ni kiran yaya a bakin famfo sai in kira 'yar wani gida. A carafke kowa gudun shiga da ni yake. A makaranta kuwa tsawona ya sa aka ajiye ni layin baya, allo ya zame mini baƙin bango, har malaminmu ya rubuta cewa ba ni da ƙoƙari, aka fara zancen a cire ni in koyi ɗinki. Maman Rifkatu ce ta gano, wata nas 'yar Bogoro da ke haya kusa da mu. Ta ɗaga yatsu daga ƙofar ɗakinta ta ce in ƙirga, na kasa. Ta ce wa Baba, "Wannan yarinya ba wawa ba ne, ido ne ba ya gani. A kai shi Kano." Mota kuwa amai take sa ni tun kafin a bar tasha, shi ne Baba ya ce babur ya isa.

Abin da na riƙe na zuwa kaɗan ne: ƙamshin fata a rigar Baba, don baduku ne, da iska a kunnena, da furar da muka sha a Ningi. Sauran duk kore ne da ja a cakuɗe. A Kano muka sauka gidan wani abokin cinikinsa, aka auna ni a asibitin ido, bayan kwana uku aka saka mini tabarau mai kauri. Da na fito harabar asibitin na tsaya cak. Ashe ganyen bishiya ɗaiɗai yake ko daga nesa. Ashe Baba yana da furfura a gemu. Na yi ta karanta allunan shaguna da ƙarfi, yana dariya yana share ido da hularsa.

A nan ya canza shawara. Ya ce, "Uwata," don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, "tunda kin samu ido, ba za mu koma ta inda muka zo ba." Muka hau Dala, na ga Kano shimfiɗe har iya ganina. Ya kai ni karofin Ƙofar Mata, na leƙa ramukan rinin shuɗi, wani tsoho ya nuna mini hannayensa shuɗaye har gwiwa. Washegari muka kama hanyar Zariya, muka shiga ta ƙofar ganuwa, na yi ta ɗaga kai ina kallon zankwaye da zanen da ke jikin soraye har wuyana ya yi tsami.

Daga can muka nufi Jos, ƙasa ta fara tashi, babur yana nishi. Ban taɓa ganin duwatsu irin waɗannan ba, wani bisa wani kamar an jera su da hannu, ga gonakin dankali an kewaye su da ƙerana. Ruwa ya tare mu a wani ƙauye, sanyi ya sa haƙorana kaɗawa. Wata mata da ba ta jin Hausa sosai ta ja mu bukkarta, ta gasa mana masara, ta goge mini tabarau da bakin zanenta ta mayar mini a fuska.

Kwananmu shida muka shigo Bauchi da la'asar. Tun daga bakin layi na hango Inna a ƙofar gida, na ga hannunta a ƙirji, na kira ta kafin ta gane mu. Na maimaita aji huɗu, amma ba a sake zancen cire ni ba.

Yanzu ina zuwa Kano a mota, in tafi da safe in yi azahar a can, gilashi a rufe, yarana kowa kansa a waya. Babu mai cewa a ratse a ga wani gari. Baba ya daɗe da rasuwa, babur ɗin ma ban san hannun da ya faɗa ba. Na je wurare da yawa bayan nan, amma duniya ba ta sake yi mini sabunta kamar a wannan makon ba.