Saniyar da Bappa Ya Kai Nunin Dabbobi

Shekarar da na kama aikin malamin dabbobi a Gombe, kuɗin mai ya fara shigowa, har aka kawo wa ofishinmu sabon babur guda ɗaya. Mu huɗu muka sa masa rai. Sai aka ce za a yi nunin dabbobi a filin ƙwallo, a kafa shingaye, a zuba shanu da tumaki, jama'a su zo kallo kamar gidan namun daji. Ni da rawar kai, don in burge a ba ni babur, na miƙe gaban shugabanmu na ce, “Ranka ya daɗe, bijimin mahaifina kaf ƙasar Gombe babu irinsa.” Har allo na sa aka rubuta.

Ba ƙarya na yi ba kuwa. Fari ne tas, tozo kamar tulu. Na sami mahaifin nawa, Bappa, a garkensa can Gabukka, na roƙe shi ya kawo bijimin nuni. Ya dube ni ya ce, “To, Malam.” In ya kira ni Malam akwai magana a ƙasa, amma babur ya rufe mini ido.

Ranar nuni ina tsaye gefen shugaba cikin sabuwar kwat, sai ga Bappa, sanda a kafaɗa, janye da wata tsohuwar saniya mai ƙaho ɗaya, haƙarƙari duk a waje. Ya ɗaure ta ƙarƙashin allon da aka rubuta BABBAN BIJIMI. Wayyo ni! Fili ya ɗauki dariya. Shugaba ya dube ni ya ce, “Shi ne wannan?”

Na ja Bappa gefe, raina a ɓace. “Haba Bappa, ka kashe ni! Ina bijimin?”

“Yana gida. Gari guda su zuba masa ido, kowa ‘kai, kai, kai’, babu mai cewa tubarkalla? Da bakin mutane za ka haɗa shi? Wannan kuwa wa zai yaba?”

Ashe akwai. Wata mata ta tausaya wa saniyar, ta ce, “Allah sarki, ai idanunta na da kyau.”

Babur dai wani aka ba, na koma kan kekena. Bayan kwana uku saniyar ta mutu, tsufa ne ƙarara. Bappa ya tako har ofis, ya tsaya gabana, shugaba na ji.

“Ka gani ko, Malam? Mutum ɗaya fa ya yabe ta.”