Ɗakin da Bai Taɓa Ƙasa Ba

A shekarar da aka zo aka shafa wa ɗakunanmu na Mpape jan fenti, aka ce za a rushe, a shekarar ce 'yata ta samu ciki bayan an daɗe ana jira. 'Yar fari ce, ba na kiran sunanta, ko a nan ma ba zan kira ba. Tana aiki a wata ma'aikatar gwamnati. Mijinta yana can kudu wurin masu gina hanya, sai a yi wata da watanni bai leƙo ba, shi ya sa ta dawo wurina, muka zauna a kan dutsen nan inda mahaifinta ya yi ta fasa dutse har Allah ya karɓi abinsa.

Wata safiyar Asabar ta ce mini, "Inna, ɗauko mayafinki. Na ga ɗaki, ina so ki gani kafin in biya."

Na ce, "Haya?"

Ta ce, "Saye, Inna. Namu na kanmu. Na gaji da ɗaure kaya."

Muka gangaro daga dutse, muka shiga tasi mai kore da fari, muka sauka, muka canza mota, muka kama hanyar Orozo. Gari ya yi ta janyewa a bayanmu, gonaki suna leƙowa tsakanin gine-gine. Na yi gyangyaɗi, na farka, na sake yi, har muka tsaya gaban wani dogon bene mai launin ƙwai.

Dillalin yana jiranmu, wani mai tumbi da tarin makullai, Hausarsa rabi Turanci. Ya shige gaba. Muka hau, muka hau, muka ƙara hawa. Ga ƙofa da aka liƙa wa gicciye, ga wadda ke fitar da ƙamshin turaren wuta, ga wadda ake daka sakwara a bayanta, manja da busasshen kifi suna biyo mu har matakala. Wata mata ta gaishe mu da Yarabanci, da ta ga mayafina sai ta juye zuwa Hausa. A kowane hawa sai in tsaya in riƙe gwiwata, in ji wani yare daban yana fitowa ta ƙarƙashin ƙofa.

Can sama ya buɗe, ya ce, "Mama, sef-kon ke nan."

Na ce, "Me ke nan?"

"Sef-kon. Ɗaki ɗaya, amma komai na ciki. Ga kicin, ga bayi, ga wurin gado. Ba sai kin fita ba sam."

Na ce, "A garinmu ɗakin da ba a fita daga cikinsa, ba mai rai ke shigarsa ba."

'Yata ta ce, "Haba Inna!" Dillalin ya yi dariya har makullansa suna kaɗawa.

Amma zan faɗi gaskiya, ɗakin ya shiga raina. Ƙarami ne, fari fat, haske ya cika shi kamar nono a ƙwarya. Na zauna a tsakiyarsa na miƙe ƙafa. Babu ƙarar nakiyar masu fasa dutse, babu ƙurar da ke kwanciya a kan tuwo. Ta taga ina ganin duwatsu shuɗaye can nesa, gajimare yana tafiya a hankali kamar garken da ba shi da makiyayi, shirwa kuma tana shawagi a ƙasa da ni. Tun da aka haife ni ban taɓa ganin bayan shirwa ba sai ranar. Sai na ji kamar an sa ni a ragaya an rataye, iska tana lilo da ni, ban san tsawon zaman da na yi ba.

Abin da ya dawo da ni shi ne 'yata da ta dafa bango, ɗayan hannun a kan cikinta, tana numfashi.

Na ce wa dillalin, "Malam, nuna mini iyakarmu a ƙasa."

"Wace ƙasa, Mama?"

"Wadda muka saya."

Ya ce, "Daga wannan bango zuwa wancan. Daɓenki rufin wani ne, rufinki daɓen wani."

"To bayan ɗaki fa?"

Ya je ya buɗe tagar, ya miƙa hannunsa cikin iska, ya ce, "Ga shi nan."

Shi wasa yake yi. Ni kuwa ba wasa ne a raina ba. A wurinmu, yaro ba ya zuwa duniya shi kaɗai, da mabiya yake zuwa, wadda ta ciyar da shi a ciki ta rako shi har ƙofa. In ta faɗo sai a wanke ta, a naɗe ta a farin ƙyalle, a binne ta a bayan ɗaki inda mai jego ke wanka, ruwan ɗumi ya riƙa sauka a kanta har a gama arba'in. Haka aka yi wa tawa, haka na yi wa ta 'yata. Mutum duk inda ya je a duniya ya san akwai wani ɗan wuri da ke riƙe da shi. To ga Mpape za a rushe, garinmu ya yi nisa, nan kuma bayan ɗaki iska ce.

'Yata ta gane tun ban yi magana ba. Ta ce a hankali, "Inna, ai a asibiti suna iya..."

Na ce, "Su iya me?"

Ta kau da kai. Can ta ce, "In ba ki sa albarka ba, ba zan biya ba."

Dillalin ya duba wayarsa ya ce akwai wani oga da zai zo gani da yamma, mu yi shawara.

Na ce su ba ni wuri. Na sauko ni kaɗai, hawa bayan hawa. Tsakar gidan duk an shafe ta da siminti, ko inda kaza za ta tona babu. Na zaga, na zaga, sai na ga wata 'yar ƙofar ƙarfe a katangar baya, a buɗe. Na leƙa. Ga wata siririyar gona ta bi jikin katanga, kunyoyin doya da 'yan kuɓewa, ga wata tsohuwa sa'ata a sunkuye da fartanya, ƙaramin gicciye yana lilo a wuyanta. A gefe ga ƙatuwar ƙwaryarta, irin wadda matan Gbagyi ke ɗauka a kafaɗa ba a ka ba.

Na ce, "Sannu da aiki, uwar gona."

Ta ɗago ta ce da Hausarta ta Gbagyi, "Yawwa Mama. Kai ne baƙo na sama?"

"Ban zama ba tukuna."

"Me ya hana? Bene ya fi ƙarfin ƙafa?"

Ban san abin da ya sa ba, na zauna a kan dutse na faɗa mata duka. Ta jingina da fartanya tana saurare. Da na gama sai ta nuna cikin katanga da haɓarta, ta ce, "Ka ga wurin da motoci yana kwana? Nan ne ɗakin uwana. Mabiya nawa yana ƙarƙashi. Na yarana ma duka yana nan. Mu ma muna binne."

Ta ja ni har gindin wata gwanda da ke jikin katanga. Ta buga ƙasa da ƙafa ta ce, "Nan. Duba sama." Na ɗaga kai, ga tagarmu can ƙololuwa, daidai saitin wurin.

Na ce, "Ni fa musulma ce."

Ta ce, "Na gani. Gwanda ne zai yi fushi?"

Na ce, "Nan ma wata rana za su gina."

"Za su gina mana. Sun gina a kan nawa, ga ni ina noma."

"Ruwan wankan fa? Daga sama ba ya zuwa nan."

"Ka sauko da shi a bokiti. Gwiwa yana ciwo?"

"Tana ciwo."

Ta ce, "Nawa ma. Ka sauko dai."

Na koma sama ina haki. Na tarar da 'yata a zaune a ƙasa ta haɗa kai da gwiwa. Na ɗora hannuna a kanta na ce, "Biya. Allah ya sa mu shiga a sa'a, ya sa a ji kukan jariri a cikinsa."

Da damina ta yi tsakiya ta haihu, mace. A asibiti suka miƙo mini mabiyar a rufe, na rungumo ta a cinya cikin tasi har gida. Tsohuwar tana gona, ta ga abin da ke hannuna, ba ta tambaya ba, ta ɗauki fartanya. Ita ta haƙa ramin, mai zurfi, don kada kare ya tona. Na wanke, na naɗe a farin ƙyalle, na yi bisimilla na sa. Ita ma ta sunkuyar da kai tana motsa baki da yarenta. Muka mayar da ƙasa da hannuwanmu, muka danne da dutse, yayyafi yana sauka a bayanmu.

Na duƙa kusa da dutsen na ce, "Kin rako ta lafiya, sannu da hanya. Ki kwanta. Gobe da safe zan kawo miki ruwa."