Wa Zai Yi Jinyar Babanta?

A ɗakin shan shayi na asibitin da nake aikin nas a Largo, ƙasar Amurka, na sami wata abokiyar aikina, wata safiyar Litinin, ta riƙe waya a hannu. 'Yar ƙasar Filifin ce, shekara huɗu muna sashe ɗaya. Ate take kirana, wato Yaya a yarensu.

"Ate, babana ne. Ɓarin jikinsa ya shanye, yana asibitin gwamnati a garinmu."

Ni da bakina da ba ya shiru na ce, "To ina inshorar gwamnatin taku da kike cika mana baki da ita?"

"Ta ba shi gado da likita," in ji ta. "Wa zai juya shi? Wa zai ba shi abinci a baki?"

Ta ce a can nas ɗaya ce ke fama da ɗaki guda cike da marasa lafiya, don haka kowa da nasa mai zama kusa da shi, bantay suke ce masa. Shi ke goge jiki, shi ke fita sayo maganin da babu. Uwarta ta rasu, ƙaninta yana aiki a jirgin ruwa a tsakiyar teku. Maƙwabciya ce ke zaune da tsohon, ita ma ranar Juma'a za ta koma gona.

Ashe mai jinya take nufi! Shekara uku kafin nan mahaifiyata ta kwanta a asibiti a Kaduna, ina nan ina jiran a sa hannu a takardar hutuna.

Na ja ta zuwa ofishin shugabar sashenmu, wata Ba'amurkiya. Ta saurara, ta duba jadawalin aiki, ta ce lokacin mura ne, ba mu da isassun ma'aikata.

"Ai yana asibiti ko? Akwai masu kula da shi. Ki bari sai wata mai zuwa."

Baiwar Allahn nan sai ta yi murmushi ta ce, "To, Madam." Haka suke, ko ransu na ƙuna ba sa musu da babba. Madam kuwa ta ɗauka an gama magana, har ta juya ga kwamfutarta.

Wallahi ban san lokacin da na buga tebur ba.

"Madam, wannan 'to' ɗin ba yarda ba ce! A ƙasarsu da tamu, in aka kwantar da mutum ba mai jinya, ƙishirwa ma tana iya kashe shi. Juma'a tsohon nan ba shi da kowa!"

Na ce shi ke nan, yau na kori kaina daga aiki. Can Madam ta ce in nemo masu riƙe wa abokiyata kwanakin aikinta kafin ƙarfe uku, in ba haka ba babu tafiya. Na ɗauki huɗu. Sauran na bi mutane har bakin banɗaki ina roƙo, wata 'yar Filato ta karɓi na ƙarshe saura minti goma.

Ranar Laraba ta tashi. Kwana tara ta yi tana jinyarsa, ya cika, kansa a kan cinyarta.

Da ta dawo ta kawo mini busasshen mangwaro. Muna ci ta ce, "Ate, ke wa ya yi jinyar mamanki?"

Na ajiye ledar mangwaron.

"Maƙwabciya," na ce.