Gidan da Ya'u Ya Kasa Sayarwa

Ya'u Mahauci yana son komawa Agege, cikin Ikko. Duk wanda ya zauna a bencin da ke gaban tukubarsa zai ji wannan magana kafin tsirensa ya gasu. Abin da ya riƙe shi gida ne, ɗaki biyu da ɗan tsakar gida, a wani ƙaramin gari da ke gaba da Ikorodu. Ya daɗe yana neman mai saye.

A Agege aka haife shi, a can kuma aka haifi ubansa. Kakansa ne ya zo daga Arewa fataucin goro, ya kafa gida kusa da layin dogo, bai sake komawa ba. Ya'u ya tashi yana jin Yarbanci kamar yadda yake jin Hausa. Ya koyi fawa a mayankar Oko-Oba, tun yana dakon nama a kafaɗa har ya samu tebur nasa na kansa. A gidan gadon nan ya auri Mastura, daga nan suka aurar da 'yarsu tilo, Halima Sa'adiya, zuwa Mushin. Sai magada suka yi yawa, wani mai gina benaye ya zo ya saye gidan. Rabon Ya'u bai isa sayen ko ɗaki ɗaya a Agege ba. Wani dillali ya ce masa akwai fili can gaba, inda ƙasa take da araha, kuma babu hayaƙin motocin haya na danfo.

Mastura ba ta so ba. Tun tana amarya take suyar waina a ƙofar gida, babu gidan suna ko gidan rasuwa a unguwar da ba a san ƙafarta ba.

"Baban Halima," ta ce masa ranar da suka je ganin filin, "in na mutu a dajin nan, wa zai yi min wanka?"

"Ke dai hayaniya kika saba da ita," in ji shi. "Nan ma Ikko ce, ba Nijar zan kai ki ba."

Ya sayi filin, ya gina ɗaki biyu, suka tare. Garin titi ɗaya ne mai kwalta, da kasuwar da ba kullum take ci ba. Mahautan garin suna da ƙungiyarsu, 'yan gida ɗaya ne ko surukan juna. Sun karɓi gaisuwar Ya'u da goronsa, amma suka ce babu gurbi. Mutumin da ya saba feɗe sa tun da asuba sai ya koma sayen nama a hannunsu yana gasa tsire a mararraba. Wainar Mastura ma ba ta karɓu ba. Mutanen garin suka ɗanɗana, suka yaba, suka koma wajen mai ƙosansu. Ta wanke tandarta ta kife a bayan ƙofa.

Ba a taɓa zaginsu ba, ba a kuma taɓa yi musu sata ba. Ya'u da kansa yana faɗin haka. Amma kowa ya san abin da suka dafa, da wanda ya zo wurinsu, da lokacin da ya tafi. Sunansa a garin Mola, wato yadda Yarbawa kan kira kowane Bahaushe. In ya mayar musu da magana da Yarbancin Ikko tsantsa, sai a kwashe da dariya a ce, "Kai, Mola, ina ka koya?" Wanda ya tambaye shi bara shi zai sake tambayarsa bana. Hausawan da ke garin 'yan ci-rani ne masu okada da masu haƙar rijiya, da ruwa ya sauka suke komawa gona.

A tsakiyar damina Mastura ta rasu. Hawan jini ne ya daɗe yana damunta, ta faɗi da hantsi tana shanya, ba ta sake magana ba. Ruwa ya kwana biyu yana zuba, kwalbatin da ke bakin garin ya karye. Ya'u ya kira ƙanenta Yusha'u, mahauci ne shi ma a Oko-Oba.

"Ku kawo ta, Yaya," in ji Yusha'u. "Yanzu zan sa a fara haƙa. Kusa da Inna za a sa ta."

Ya'u ya zaga tasha cikin ruwa. Direban farko ya ce hanya ba ta biyuwa. Na biyu ya ce akwai ta daji, amma ba zai ɗauki gawa babu takardar asibiti ba, 'yan sanda za su kwana da shi. A gida ta cika, babu likitan da ya gan ta. Aka yi azahar yana tsaye a tasha.

Maƙwabcinsa Baba Rasaki, tsohon tela ne kuma ladanin masallacin unguwa, shi ya biyo shi da lema. Shi kaɗai ne a garin yake kiransa da sunansa.

"Malam Ya'u, kai Musulmi ne, ni Musulmi ne. Gawa ba ta jira. Mu nan ba mu da maƙabarta, kowa a gidansa yake binne nasa. Ga uwata can a ƙofar gidana, kullum kana wuce ta. Kuma filin da ka sa mutuminka a ciki, babu ɗan garin da zai taso gobe ya ce na kakansa ne."

Ya'u ya san al'adar. Ya tashi yana ganin kaburbura a gaban gidajen Yarbawa, an shafe su da siminti, yara suna zaune a kai suna cin rake. Bai taɓa kawo wa kansa ba. A wajen su, mamaci ɗaukarsa ake yi a kai shi maƙabarta cikin 'yan uwansa, a juyo gida a bar shi da Ubangijinsa. Amma la'asar ta kawo kai, ɗakin kuma ya yi zafi. Ya ce to.

Matar Baba Rasaki da ƙanwarsa suka yi mata wanka. Waɗanda suka sallace ta ba su cika sahu ɗaya ba. Aka haƙa a bayan ɗaki, tsakanin katanga da tankin ruwa.

Ranar sadakar uku hanya ta buɗe, mutanen Agege suka zo mota guda. Halima Sa'adiya ta durƙusa a gaban tudun ƙasar tana kuka, mata suna janye ta. Yusha'u ya tsaya ya dubi tankin, ya dubi igiyar shanya da ta ratsa ta sama.

"Yaya, nan ka ajiye ta? A bayan ɗaki, kamar an binne cibiya?"

"Ruwa ne, Yusha'u. Babu mota."

"Ramin da muka haƙa mata, wata tsohuwa aka sa a ciki jiya. Mutane sun cika layi suna jiran gawa har magariba. Me zan ce musu, ka zama Bayarabe?"

Yusha'u ya yi wata da watanni ba ya ɗaga wayar Ya'u.

Da zuciya ta yi sanyi, shi Yusha'un ne ya neme shi. Wani abokin sana'arsu zai koma Arewa, teburinsa a Oko-Oba zai zama babu kowa, akwai kuma ɗakin haya a bayan masallacin unguwarsu ta dā. Ya ce zai riƙe masa teburin zuwa babbar salla, shi dai ya sayar da gidan ya taho. Ya'u ya ce ranar ce ya fara cin abinci ya ji ɗanɗanonsa tun bayan rasuwar.

Masu saye suka fara zuwa. Wani Bahaushe mai sayar da albasa ya zaga ɗakunan yana yabawa, da ya leƙa baya sai ya yi salati, ya yi wa mamaciya addu'a, ya nemi takalminsa. Yarbawa ba sa tsoron kabari a gida, amma nasu suke so. Wata mata ta ce masa a fili, "Mola, in na saya, danginta za su riƙa zuwa min ziyara ke nan?"

Ana saura kwanaki kaɗan salla dillali ya kawo wani mai sana'ar ruwan leda, yana neman wurin ajiye motoci. Ɗakunan ba su dame shi ba, rushe su zai yi. Kabarin ma bai dame shi ba.

"Ƙaramin abu ne, oga," in ji dillalin. "Ko ka tone ka tafi da kayanka, ko ya zuba kankare a kai, shi ke nan. Wa zai sani?"

Ya'u ya ce daga baya, a wannan lokacin har ya hango kansa a bakin tebur a Oko-Oba da wuƙar fawa a hannu. Sai wayar mai sayen ta yi ƙara. Mutumin ya matsa baya neman inda magana za ta fita sosai, ya hau tudun da ƙafa biyu, yana magana yana kankare taɓon takalminsa a jikin dutsen da aka kafa wajen kanta.

"Sauka," in ji Ya'u da Yarbanci.

Mutumin ya ɗaga masa hannu alamar ya jira.

"Na ce ka sauka daga kan matata."

Dillalin ya bi mai sayen har mota yana ba shi haƙuri. Da ya dawo ɗaukar jakarsa ya ce wa Ya'u kada ya sake kiransa.

Bayan salla Yusha'u ya ba wani teburin. Halima Sa'adiya takan zo in ta samu hali, ta share bayan ɗakin, ta koma kafin cunkoson yamma. Ya'u ya kwance igiyar shanyar ya mayar da ita gaban gida. Ya daɗe yana ƙin siminti, amma da ruwa ya fara cin tudun, ya bari ɗan Baba Rasaki ya kewaye shi da bulo.

Da la'asar yakan tura tukubarsa zuwa mararraba. Baba Rasaki yakan zo ya zauna a bencin, ba don tsire ba, haƙoransa sun ƙare. Da ya ji labarin mai ruwan leda, ya dafa kafaɗar Ya'u cikin murna.

"Ka yi daidai, Malam Ya'u. Yanzu ka zama ɗan gari. Babu mai iya tayar da kai daga nan."

"Babu," in ji Ya'u.

Wata yarinya ta ƙwala masa kira daga tsallaken titi, "Mola, tsinke biyu, ka sa yaji sosai!" Ya juya naman, ya jawo takarda.